Abin da Ke Ruɗa Na'urar Leza a Gaban Sabon Kwano

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da tsakar rana ya san yadda sabon rufin kwano ke kashe ido. Wannan ƙyallin da ke sa ka runtse ido, shi ne kuma babban ciwon kan na'urar awo mai aiki da leza, wadda 'yan sashen safiyo da na injiniya ke ta jin labarinta a aji.

Aikin na'urar ba wani tsafi ba ne. Tana harba ɗan siririn haske, ya daki bango, ya dawo, ita kuma ta lissafa lokacin da ya ɗauka. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka bangon da ke nisan mita 15, zuwa da dawowa kashi ɗaya ne cikin miliyan 10 na daƙiƙa. Manyan na'urorin da ake girkewa a kan ƙafa uku suna yin wannan awo har sau miliyan ɗaya a daƙiƙa guda, kowane awo ya zama ɗigo a kwamfuta. Ɗigogin nan idan suka taru sai siffar ginin ta fito, tsaf da tsawonta da fāɗinta.

To amma duk lissafin ya dogara ne a kan hasken ya dawo. Katangar laka ko ta bulo tana da kaushi, haske na dukanta sai ya watsu ko'ina, wani kaso ya koma idon na'urar. Shi ya sa gidan ƙasa ya fi komai daɗin awo. Abu mai santsi da sheƙi kuwa, kamar madubi yake: hasken ya zo ta nan, ya karkata ya fice ta can. Na'urar ta yi jira ba ta ga komai ba, sai ta bar rami a hoton. Idan kuma ka saita ta daidai fuska da fuska da kwanon, hasken ya dawo da ƙarfin da ya fi ƙarfin idonta, awon ya gurɓace.

Mafi haɗari shi ne na uku, don shi ba ya nuna kansa. Hasken ya daki jikin tankin ƙarfe mai sheƙi, ya karkata ya daki bishiyar da ke gefe, sannan ya biyo hanyarsa ya dawo. Na'urar ba ta san an yi zagaye ba. Ita dai ta ga an daɗe, sai ta zana bishiyar a cikin tankin. Ka duba allo ka ga abu fes, alhali babu shi.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turai ce. Yankin nan na auduga ne tun zamanin Turawa, kuma akwai tsofaffin injinan gurza da na niƙa da samun kayan gyaransu ke da wuya. Hanya ɗaya ita ce a auna tsohon ƙarfen da ƙaramar na'urar hannu, a ƙera sabo. Ƙarfen da ya sha aiki ya goge har yana sheƙi. Idan awon ya kauce ko da rabin milimita ne, abin da aka ƙera ba zai zauna ba, kuma lokacin kaka ba ya jiran kowa. Haka rumbun hatsi na ƙarfe, haka farantan sola da suka cika gonakin rani.

Maganin farko, a kashe ƙyallin. Akwai feshi na musamman da ke barin farar hoda a jikin ƙarfe, wasu ma irin na kamfanin AESUB kan ɓace da kansu bayan 'yan awoyi. Inda babu, hodar jarirai a cikin sifirit tana taimakawa, sai dai fa ita ma hodar tana da kauri, kuma idan ka cika ta to ita ka auna. Abin dariya, ƙurar hunturu da muke tsinewa tana yi wa rufi wannan aikin kyauta, muddin ta kwanta. Idan tana tashi a iska sai ta cika hoton da ɗigogin banza. Abin da ya fi ƙarfin feshi, sai a canza wurin tsayawa, a ɗauka ta kusurwa uku ko huɗu a haɗa, sannan a share ɗigogin bogi da hannu. A ƙananan na'urori, leza mai shuɗin haske ta fi mai ja jure wa ƙarfe mai sheƙi.

Ruwa kuwa nasa daban ne. Kwantaccen ruwan dam ɗin Mairuwa ko na Gwaigwaye zai shanye wani hasken, ya karkatar da saura. Akwai koriyar leza da ke ratsa ruwa, amma sai mai garai-garai. A jan ruwan damina, na'urar da ke auna zurfi da sauti daga cikin kwalekwale ta fi ta.

Wanda ke son gani da idonsa, ya ari ƙaramin ma'aunin leza irin na magina. Ya auna bangon aji, sannan ya jingina madubi a ɗan karkace a jikin bangon ya sake aunawa daga wuri ɗaya, ya kuma ja tef ya gwada lambobin uku.