Abin Da Ido Ba Ya Gani A Cikin Iska Da Ruwa

A wannan fitowa filinmu na kimiyya zai yi magana a kan abubuwa biyu da ba mai rabuwa da su dare da rana, wato iska da ruwa. Ɗalibanmu da ke sakandare suna haɗuwa da wannan darasi a fannin kemistiri, wato ilmin sanin sinadarai. To amma darasin ya wuce na cin jarrabawa. Akwai abin da ke cikin iska ko cikin ruwa wanda ba shi da launi, ba shi da wari, amma yana iya kwantar da gida guda. Don haka muna roƙon duk ɗalibin da ya karanta, ya karanta wa mutanen gidansu.

MECE CE ISKA?

Bari mu fara daga maƙera, tun da mu mutanen Gaya da ƙira aka san kakanninmu. Masu ba da tarihi suna cewa wani maƙeri ne daga Gaya, mai suna Kano, ya je Dutsen Dala neman tama, ya zauna a can. Shi ya sa ake kiran zuriyar waɗannan maƙera Abagayawa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda gawayi ke kwance lis, amma da yaro ya kama zugazugi sai wuta ta taso ja wur, har ƙarfe ya yi laushi. Me zugazugi ya ƙara wa wutar? Iska. To, mene ne a cikin iskar?

Iska ba abu ɗaya ba ce. Gauraye take, kamar a zuba gero da dawa a ƙwarya ɗaya. Idan aka kasa busasshiyar iska kashi 100, kashi 78 naitirojin ne, kashi 21 oksijin ne. Ragowar kashi 1 yawancinsa wata iska ce mai suna agon, sai ɗan kabon dayoksaid wanda bai kai rabin kashi ɗaya ba ma. Ban da waɗannan akwai tururin ruwa, mai yawa da damina, kaɗan da rani, sannan ga ƙura lokacin hunturu.

Oksijin shi ne abincin wuta, shi ne kuma abin da jikinmu ke nema idan muka ja numfashi. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Priestley, ya ware shi a shekarar 1774, sannan Antoine Lavoisier na Faransa ya bayyana cewa ƙonewa ba komai ba ce illa haɗuwar abu da oksijin. Tsatsar da ke cin fartanya idan an bar ta a raɓa ita ma haɗuwar ƙarfe ce da oksijin, sai dai a hankali take tafiya.

Ga gwajin da za ku iya yi a gida. Ku roƙi mai walda ya ba ku garin ƙarfe. Ku jiƙa cikin kofin gilashi, ku barbaɗa garin ya manne, ku kife kofin a cikin faranti mai ruwa. Bayan 'yan kwanaki garin zai yi tsatsa, ruwa kuma zai hau cikin kofin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gurbin oksijin ɗin da ƙarfe ya cinye ke nan ruwa ya cike.

Shi kuwa naitirojin, muna shaƙarsa muna fitar da shi yadda ya shiga. Amma shuka tana bukatarsa ƙwarai. Idan kun tuge gyaɗa ko wake za ku ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ke kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Ashe manoman Gaya da Ajingi da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya sun daɗe suna aiki da kimiyya. Takin yuriya ma da ake saye a buhu, naitirojin ɗin da ke cikinsa, kashi 46 cikin 100, daga iska aka kamo shi a masana'anta.

GARWASHI A RUFAFFEN ƊAKI

A nan muke so kowa ya buɗe kunne. Idan gawayi ya sami wadatacciyar iska, yana ƙonewa ya ba da kabon dayoksaid. Idan kuwa iska ta yi masa ƙaranci, sai ya riƙa fitar da wata iska daban mai suna kabon monoksaid. Sunayen sun yi kama, amma ta biyun guba ce. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Garwashin da ya daina hayaƙi, wanda ake ganin ya yi kyan shiga ɗaki, yana nan yana fitar da ita.

A cikin jininmu akwai wani sinadari ja mai ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Wannan guba ta fi oksijin kama shi fiye da sau 200. Idan ta shiga, sai ta tare wurin, jini ya yi ta zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take bukata ba. Mutum zai fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Wanda yake barci kuwa ba zai ji komai ba, daga barci sai a wuce.

Saboda haka, ranar da sanyin hunturu ya matsa, aka shigo da kaskon wuta ko kurfoti don a ɗumama ɗakin tsoho ko na mai jego, a bar taga a buɗe, kuma a fitar da shi kafin a kwanta. Haka janareta: kada a tayar da shi a ɗaki, ko a zaure, ko a shago a rufe, ko a bakin taga. Idan aka ga mutanen ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa fili, a garzaya asibiti mafi kusa.

Tsohuwar rijiya ma tana da irin nata haɗarin. Kabon dayoksaid ya fi sauran iska nauyi, don haka yakan taru a gindin rijiya ya kore oksijin. Idan guga ya faɗa, kada yaro ya ce zai shiga. Idan an zura fitila ta mutu a ƙasa, to mutum ma ba zai iya numfashi a wurin ba. Wanda ya ga wani ya suma a ciki, ya yi kururuwa a kawo ɗauki da igiya, kada ya bi shi.

MENE NE RUWA?

Ruwa ya bambanta da iska. Shi ba gauraye yake ba, haɗaɗɗe ne. Ku dubi sabulun salo: da toka da mai ake yin sa, amma idan ya haɗu ya zama wani abu sabo, ba toka ba, ba mai ba. Haka ruwa yake. Kowane ƙwayar ruwa ya ƙunshi haidirojin biyu da oksijin ɗaya, shi ya sa ake rubuta shi H2O. Abin mamaki, haidirojin yana kamawa da wuta, oksijin yana rura wuta, amma da suka haɗu sai suka ba da abin kashe wuta.

Babban halin ruwa shi ne narkar da abubuwa. Gishiri, sukari, kanwa, duk yana shanye su. Har iska yana narkarwa, domin kifin da masunta ke kamawa a kogin Wudil da oksijin ɗin da ya narke a ruwa yake numfashi. Idan aka cika kududdufi da shara, ƙananan halittu masu ruɓar da ita sai su cinye oksijin ɗin, ruwa ya yi baƙi ya soma ɗoyi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Wannan hali nasa shi ya sa da wuya a sami ruwa zalla. Abubuwan da ke cikin ruwan da muke ɗebowa iri uku ne, kuma kowane iri da maganinsa.

Na farko, masu yawo a ciki ba su narke ba, kamar laka da ƙura. Su ne ke sa ruwa ya yi gurɓi. Idan aka jefa ɗan alif, wanda wasu ke ce wa alam, sai ya tattara ƙananan ƙwayoyin lakar su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta a ƙasa. Garin ƙwayar zogale ma yana yin wannan aiki.

Na biyu, waɗanda suka narke. Ruwan wata rijiya ko burtsatse yana da zartsi, wani kuma sabulu ba ya kumfa a cikinsa sai an sha wahala. Dalili shi ne ya ratso ta cikin ƙasa da duwatsu ya kwaso sinadarai irin su kalsiyam da maganiziyam. Su ne farin ɓawon nan da ke manne wa gindin tukunyar mai shayi. Ku ɗiga irin wannan ruwa a kan madubi ku shanya a rana, za ku ga farin tabo bayan ya bushe. Tacewa da ƙyalle ba ta fitar da waɗannan.

Na uku, masu rai, wato ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot. Waɗannan su ne abin tsoro. A darasin fiƙihu an koya mana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, wannan kuwa maganar tsarki ce. Maganar sha daban take, domin ruwa yana iya zama garau, ba wari, ga daɗi a baki, alhali yana ɗauke da cuta. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi shafa.

A kula da kyau: alif yana kwantar da laka ne, bai isa ya kashe cuta ba. Abin da ke kashe ta shi ne a dafa ruwa har ya tafasa sosai, ko a sa maganin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbarsa, a jira minti 30 kafin a sha. Irin matakan da ake bi ke nan a manyan matatun ruwa kamar ta Tamburawa da ke Kano: a sa alif, a tace, a sa kulorin. Bayan haka a rufe randa, a ware mata moɗa guda mai tsabta. A bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma kada a ajiye guga a ƙasa. Ruwan sama na farko da ya wanko rufin kwano, a bar shi ya zube.

Idan kuwa gudawa ta kama wani, a ba shi ruwan gishiri da sukari tun kafin a isa asibiti: lita ɗaya ta dafaffen ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, da rabin cokalin na gishiri, a shafe ba a tula ba.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa wutar maƙera ke tashi idan an yi zuga?
2. Wane bambanci ke tsakanin iska da ruwa ta fuskar yadda aka haɗa su?
3. Iya ta sa alif, ruwa ya yi garau. Me ya rage kafin a ba jariri?

Ku rubuta amsoshinku ku miƙa wa malamin ajinku. Wanda ya yi gwajin garin ƙarfe ya zo da kofinsa makaranta mu gani. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Wassalam.