Gidan Kwanan Ɗalibai a Matsayin Makarantar Harshe: Daga Zariya zuwa Mubi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin yaɗuwar harshen Hausa sun saba danganta ta da fatauci da almajirci da barikin soja da kuma gidajen rediyo. Ba kasafai akan sanya gidan kwanan ɗalibai a cikin wannan jeri ba, alhali kuwa wuri ne da ake haɗa matasa masu harsuna daban-daban a ɗaki guda har tsawon shekara uku ko huɗu, suna ci tare, suna wanki a bakin famfo ɗaya, suna ɓatawa suna shiryawa. Gaskiya ne Ingilishi shi ne harshen lakca da jarrabawa a manyan makarantun Nijeriya, to amma lakca ba ta cin rabin yinin ɗalibi. Sauran lokacinsa yana ƙarewa ne a ɗakin kwana da wurin cin abinci da filin wasa da masallaci ko majami'a da tarurrukan ƙungiyoyi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda tsarin gidajen kwana ya samo asali, da irin harshen da ayyukan bayan aji suke tafiya da shi, sannan ta dubi abin da hakan ke haifarwa a Mubi ta Jihar Adamawa, inda Hausa ba ta zama harshen gado ga mafi yawan 'yan ƙasa ba.

2.0 Asalin Tsarin

Turawan mulkin mallaka sun ɗauko wannan tsari ne daga makarantun kwana na Ingila da kuma jami'o'in Oxford da Cambridge, inda ake ganin tarbiyyar ɗalibi ba ta kammala sai ya zauna cikin jama'ar makaranta dare da rana. A Arewacin Nijeriya, Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ita ce ta fara bin tsarin a matakin ilimi mai zurfi. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta kuma ɗauki sunan Barewa a 1971. An rarraba ɗalibanta gida-gida, kuma daga cikin sunayen gidajen na Barewa akwai Ɗan Hausa, wato laƙabin Hanns Vischer, da Bello Kagara da Nagwamatse. Kwalejin ta yi suna wajen horar da ɗalibai furucin Ingilishi, amma abin lura shi ne uku daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 na mutanenta ne: Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa tsofaffin ɗalibanta ne, Malam Bello Kagara kuwa malami ne a cikinta. Ke nan tun farko makarantar da aka gina don Ingilishi ba ta raba mazaunanta da Hausa ba.

A matakin jami'a, Kwalejin Jami'a ta Ibadan ce ta buɗe hanya a 1948, da gidaje irin su Mellanby da Tedder da Kuti, daga baya kuma Sultan Bello. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta bi wannan sawu, aka sami gidajen Alexander da Ribadu da Suleiman da Akenzua da Ɗanfodiyo da Amina a Samaru. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata a fayyace. Kwaleji a Oxford tana ɗaukar ɗalibanta da kanta, tana da malamanta da dukiyarta, tana kuma koyarwa. Gidan kwana a jami'ar Nijeriya ba ya ɗaukar ɗalibi, ba ya koyar da shi. Yana da malami mai kula da shi, da masu tsaron ƙofa, da zaɓaɓɓun wakilan ɗalibai, amma aikinsa bai wuce kwana da abinci da wasanni da siyasar ɗalibai ba. Wannan rashin koyarwa shi ne ya bar gidan kwana ba tare da harshen hukuma ba, mazaunansa suka zaɓi wanda ya fi musu sauƙi.

3.0 Ayyukan Bayan Aji da Harsunansu

Ba dukkan ƙungiyoyin ɗalibai ne suke tafiya da harshe ɗaya ba. Ƙungiyar ɗalibai ta gaba ɗaya, mai shugaba da majalisa da tsarin mulki a rubuce, da Ingilishi take zamanta, haka ma ƙungiyoyin sassan karatu. Amma ɗan takarar da ya karanta manufofinsa da Ingilishi a dandali, idan dare ya yi ya shiga ɗaki-ɗaki neman ƙuri'a, da Hausa ko Ingilishin fijin yake roƙo.

Ƙungiyoyin addini sun fi kowace ƙungiya yawan jama'a da daɗewa. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya a Legas a 1954, ita kuma Ƙungiyar Zumuntar Ɗalibai Kirista ta samo asali a Gindiri a 1957. Dukkansu suna gudanar da manyan taruka da Ingilishi don kada a ware baƙo, amma tafsirin watan azumi da nasihar bayan salla a masallacin gidan kwana sukan koma Hausa. A ɓangaren Kirista kuwa, ɗaliban da suka fito daga Filato da Kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa sun taso ne da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, da waƙoƙin ibada na Hausa. Wannan ya sa zaton da wasu ke yi cewa Hausa a jami'a harshen Musulmi ne kawai bai da tushe.

Sai kuma Ƙungiyar Hausa, wadda ake samu a yawancin manyan makarantun Arewa, da bikinta na Makon Hausa, inda ake muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo, a gayyaci makaɗa, ɗalibai su naɗa wa junansu sarautu irin su Waziri da Galadima. Wannan ƙungiya ita ce ta fi fitowa fili, amma ba ita ce ta fi yaɗa harshen ba, domin galibin 'ya'yanta Hausawa ne ko ɗaliban sashen Hausa. Aikinta shi ne raya daidaitacciyar Hausa da ba ta martaba a bainar masu ilimin boko, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ya zo bai iya Hausa ba, ba a Makon Hausa yake koyonta ba, sai a filin ƙwallo da teburin mai shayi.

Zariya ta nuna cewa aikin bayan aji yana iya zarce na cikin aji. A 1958 wasu ɗaliban zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Zariya, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zanen zamani a ƙasar nan. Haka kuma daga ƙarshen shekarun 1970, ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a ƙarƙashin malamai irin su Michael Etherton, suka riƙa fita da wasanni zuwa ƙauyuka da unguwannin Samaru. Tun da manoma ne 'yan kallo, tilas aka yi wasannin da Hausa, ko da kuwa ɗan wasan daga Binuwai ko Kwara ya fito.

4.0 Mutuwar Kafteriya

Ginshiƙin tsohon tsarin shi ne ɗakin cin abinci, wato kafteriya, inda gwamnati ke tallafa wa ɗalibi ya ci sau uku a rana. Da aka ƙara kuɗin abincin yini a 1978, sai zanga-zangar da aka sani da Ali Must Go ta ɓarke a watan Afrilu, da sunan Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilimi na Tarayya a lokacin. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Rikicin Samaru na ranar 23 ga Mayu 1986 ma daga dokar gidan kwana ya faro: jerin gwanon tunawa da mamatan 1978 ya ratsa ta gidan mata na Amina, wanda aka hana maza shiga, hukuma ta hukunta shugabannin ɗalibai, abin ya kai ga 'yan sanda suka yi harbi aka sake rasa rayuka.

A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin abinci, yawan ɗalibai kuma ya ninka gadajen da ake da su. Daga nan ɗalibi ya koma dafa wa kansa a kan risho, ko ya ci a rumfunan masu tuwo, ko ya kama haya a cikin gari. Wannan sauyi ya bar alamarsa a bakin ɗalibai. Wanda ke kwana a gadon abokinsa ba da izinin hukuma ba shi ne sukwata. Sabon shiga shi ne jambito, daga sunan hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a da aka kafa a 1978. Darasin da aka faɗi aka sake ɗauka shi ne kariyoba. Gwagwarmaya da hukuma kuwa aluta ce, daga taken 'yan gwagwarmayar Mozambik a harshen Fotugal. Kalma ɗaya ta yi tafiya mai ban sha'awa: bukka ta Hausa ta shiga Yarbanci da Ingilishin Nijeriya da ma'anar rumfar sayar da abinci, sannan ta dawo bakin ɗalibi Bahaushe a matsayin buka, ba tare da ya gane tasa ce ba.

Muhimmin sakamako ga harshe shi ne, a kafteriya ɗalibi da ɗalibi suke magana, amma a buka da gidan haya, da mai abinci da mai gida da mai ruwa yake magana, kuma waɗannan ba su jin Ingilishi sai kaɗan. Rushewar tsarin Turawa ta ƙara tura ɗalibai cikin harshen gari.

5.0 Halin da Ake Ciki a Mubi

A Zariya da Kano, harshen gari Hausa ne tun asali. Mubi ba haka take ba. Yankin ya kasance ƙarƙashin Jamus, sannan Ingila ta riƙe shi amana, bai zama cikakken ɓangaren Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, inda Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Harsunan ƙasar sun haɗa da Gude da Fali da Nzanyi da Kamwe da Margi da Kilba, dukkansu 'yan gidan Cadi ne, dangin Hausa na nesa. Harshen hulɗa tun zamanin Modibbo Adama kuwa Fulfulde ne. A cikin wannan gari aka sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002.

Idan aka haɗa Bamargi daga Madagali da Bafulatani daga Sorau da ɗan Kamwe daga Michika da Bacame daga Numan a ɗaki ɗaya, Fulfulde ba za ta game su duka ba, Ingilishi kuma yana da nauyi a bakin mai neman aron gishiri. Hausa ce ke cike gurbin. Babbar majami'ar yankin ma sunanta na Hausa ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. To amma wace irin Hausa ce ake yi? Dubi waɗannan misalai, inda (a) ke nuna irin ta ɗakin kwana, (b) kuma daidaitacciya:

(1) a. Yarinyan ya tafi lakca.
b. Yarinyar ta tafi lakca.

(2) a. Motan makaranta ya lalace.
b. Motar makaranta ta lalace.

Zubar da jinsin mace ba abin mamaki ba ne, domin Margi da Kilba ba su rarrabe suna zuwa namiji da tamata, Fulfulde kuma azuzuwan suna gare ta, ba jinsi ba. Ta fuskar furuci, mai Fulfulde ba ya wahala da ɓ da ɗ saboda yana da su, amma ƙ da ts sukan koma k da s, har ƙafa ta yi daidai da kafa, tsaya ta yi daidai da saya. Bai dace a yi gaggawar kiran duk wannan kuskure ba, tun da karin harshen Bauchi ma ya sassauta rarrabe jinsi a bakin waɗanda Hausa ce harshensu na farko. Matsalar tana bayyana ne ranar da irin wannan ɗalibi ya zama malamin Hausa a sakandare, ko mai karanta labarai a rediyo.

Asarar da ta fi girma ba ta Hausa ba ce. A arewacin Sorau, kan iyakar Kamaru, an yi harshen Holma, wanda a ƙarshen shekarun 1980 tsofaffi ƙalilan ne suka rage masu jinsa, sauran sun koma Fulfulde. Abin da Fulfulde ta yi wa Holma a ƙauye, shi Hausa ke iya yi wa waɗansu ta hanyar makaranta, domin a nan ne ake ƙulla aure tsakanin ƙabilu, kuma ma'auratan da suka san juna da Hausa, da ita za su rene 'ya'yansu.

Ƙarancin gidajen kwana a Mubi bai tsaya ga batun harshe ba. A daren 1 ga Oktoba 2012 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Fatuji, inda ɗalibai da yawa ke haya, suka kashe aƙalla mutum 25 bisa ƙidayar 'yan sanda, galibinsu ɗalibai. A ƙarshen Oktoba 2014 kuma 'yan Boko Haram suka mamaye garin, ɗalibai suka watse, wasu ta cikin duwatsu zuwa Kamaru, kafin sojoji su ƙwato shi a watan Nuwamba. Irin wannan fargaba tana sa ɗalibi ya nemi haya kusa da 'yan garinsu ko 'yan addininsu, wanda hakan ke rage cuɗanyar da gidan kwana ya tilasta.

Ana iya zaton cewa wannan zai ƙarfafa ƙananan harsuna, musamman da yake kusan kowace ƙabila da kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta, mai tara gudummawa da karɓar sababbin shiga da shirya ranar al'ada. Sai dai abin da aka saba gani a taron irin waɗannan ƙungiyoyi bai goyi bayan zaton ba. Akan buɗe da gaisuwa da harshen gida, a yi waƙa da rawar gargajiya da shi, amma da an zo batun kuɗi ko zaɓe sai muhawara ta koma Hausa, saboda 'ya'yan ƙungiyar da aka haifa a Yola ko Maiduguri ko Kano ba su iya mayar da amsa da harshen iyayensu, sakatare kuma ya rubuta bayanin taron da Ingilishi.