Keken Ɗinkin Fata Na Gwanjo: Lissafin Da Ya Kamata Baduku Ya Yi Kafin Ya Zuba Jarinsa

Tun daga shekarar 1986, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki ya karya darajar Naira, sabbin injuna suka fara gagarar ƙananan masu sana'a a ƙasar nan, kuma sakin Naira ga kasuwa da aka yi a watan Yuni na 2023 ya ƙara tsananta al'amarin. Wannan ne ya sa dukawa da masu yin takalma da jakunkuna da yawa, daga kasuwar Ariaria ta Aba zuwa Mushin a Legas da Ƙofar Wambai a Kano, suka karkata ga kekunan ɗinki na gwanjo waɗanda masana'antun Turai da Asiya suka ajiye. Irin wannan ciniki yana iya ɗaga baduku, yana kuma iya cinye jarinsa, domin kuɗin da aka biya dillali wani ɓangare ne kawai na abin da keken zai ci kafin ya fara kawo riba.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar kowane keke mai nauyi a matsayin keken fata. Mafi yawan kekunan masana'anta an ƙera su ne domin tufafi. Juki DDL-8700, alal misali, yana iya yin ɗinki 5,500 a minti ɗaya, amma haƙoran ƙasa kaɗai ke jan abin da ake ɗinkawa, saboda haka idan aka haɗa masa fata biyu sai ta ƙasa ta wuce ta bar ta sama, haƙoran kuma su bar tabo. Keken da ya dace da fata shi ne mai ƙafa mai tafiya, wanda allura da ƙafa da haƙori ke jan fatar tare, irin su Singer 111W155 da Juki LU-563 da Pfaff 1245. Ko su ma iyakarsu kaurin kimanin milimita 9 ne, wanda ya wuce haka, kamar kayan doki da kirgi mai kauri, sai manya irin Singer 45K.

Har ila yau, siffar keken tana bin aikin da za a yi. Mai shimfiɗaɗɗen gado ya dace da ɗamara da matashi da walat. Mai hannu kamar bututu, irin Pfaff 335, shi ne na jaka, domin yana shiga lungu. Mai turke a tsaye shi ne na saman takalmi. Singer 29K kuwa na faci ne da gyara, kwarkwaronsa ƙarami ne, ba zai ɗauki aikin kwangila ba.

Abu na biyu shi ne shekaru da kayan gyara. Harafin K a sunan keken Singer yana nuna cewa an ƙera shi a masana'antar kamfanin da ke Kilaidbank a Sikotilan, wadda aka rufe a 1980, wato duk keken da ya fito daga can ya haura shekara 40. Tsufa ba aibi ba ne idan ana samun kayansa. Singer 111W155 ba ya ɗinkin baya, amma kamfanoni da dama sun kwaikwayi ƙirarsa, don haka ƙafafunsa da allurarsa ba su da wuyar samu. Kekunan Jamus, Pfaff da Adler, suna da inganci, sai dai kayan gyaransu sun fi tsada. Ya kamata mai saye ya fara zagaya masu sayar da kayan keke na garinsu ya tabbatar akwai ƙugiya da kwarkwaro da allurar wannan samfuri kafin ya yi ciniki.

Ranar ciniki, a tafi da makanike da kuma irin fatar da zaren da za a riƙa aiki da su, kada a yarda da gwaji a kan ƙyallen da dillali ya tanada. A juya keken da hannu a ji ko yana cijewa. A kama sandar allura a girgiza, idan tana wasa to ta cinye. A duba bakin ƙugiyar da ke ɗauko zare, ya kasance da tsini ba tare da ɓalli ba. A leƙa ƙarƙashi a nemi tsaga ko alamar walda a jikin ƙarfen, domin sabon fenti yakan ɓoye su. Daga nan a yi ɗinki mai tsawo, a hankali da kuma da gudu, a ga ko yana tsallake ko yana tsinka zare.

Abu na uku, wanda ya fi kawo asara, shi ne wuta. Lantarkin ƙasar nan bolt 230 ne. Keken da ya fito daga Amurka yakan zo da inji mai bolt 110, wanda zai ƙone idan aka jona shi kai tsaye, na masana'antun Turai kuma sau da yawa wuta mai layi uku suke buƙata, wadda ƙananan shaguna ba su da ita. Bugu da ƙari, tsohon inji mai kuloci yana juyi 1,425 ko 2,850 a minti, kuma yana ta aiki tun daga kunnawa ko ana ɗinki ko ba a yi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ya zama ɗawainiya ga mai aiki da janareto. Inji na zamani da ake kira sarbo, mai wat 550 ko 750, ba ya juyawa sai an taka, kuma ana iya rage gudunsa. Rage gudu wajibi ne, dalili kuwa shi ne fata ba ta yafe kuskure: yadi ana warware shi a sake ɗinkawa, amma hudar allura a jikin fata ta zauna ke nan. Wanda bai da halin sauya inji zai iya sa ƙaramin fuli, wato ƙarfen da bel ke hawa, ko ya ƙara na'urar rage gudu wadda ke mayar da juyi uku ya zama ɗaya, ta kuma ƙara ƙarfin huda.

Wajen kafawa, teburin ya zauna daidai a kan daɓe mai ƙarfi, bel kuma kada ya ɗaure tamau, ya riƙa lotsawa kimanin santimita ɗaya idan an danna. A tabbatar injin yana juya keken ta ɓangaren da aka ƙera shi ya juya. A wanke tsohon maiƙo, a ɗiga farin man keke a duk ramukan mai, ban da baƙin mai. Allurar fata bakinta kamar wuƙa yake, tana yanka hanya: a Singer 111W155 da Juki LU-563 lambarta 135x16, ita kuwa 135x17 ta yadi ce. Allura mai lamba 18 tana tafiya da zare mai lamba 69, mai lamba 22 ko 23 kuma da zare 138. Idan ƙullin ɗinki ya fito a ƙasa, zaren sama ya yi sako-sako, idan ya fito a sama ya yi tsauri, daidai shi ne ya ɓuya a tsakiyar fata. Saita haɗuwar ƙugiya da allura kuwa aikin makanike ne.

A ƙarshe sai lissafi. A tara kuɗin kan keke da tebur da inji da dako da ladan makanike da kayan gyara. A misali, idan jimillar ta kama Naira 600,000, keken kuma yana ƙara ribar Naira 1,500 a kan kowace jaka, sai an sayar da jaka 400 kafin jari ya dawo, wato mako 20 ga mai sayar da 20 a mako. Wanda cinikinsa bai kai haka ba, zai fi masa alheri ya haɗa hannu da abokan sana'a su sayi ɗaya, ko ya ci gaba da biyan ladan ɗinki ga mai keke har kasuwarsa ta buɗe. Wanda kuma ya riga ya yanke shawarar saye, ya ware wani kaso na kuɗinsa domin gyara, ya kuma nemi dillali ya rubuta masa yarjejeniyar kwanakin gwaji kafin ya kammala biya.