Kiwon Tururuwar Katako a Cikin Kwalba

A Turai da Amurka akwai masu kiwon tururuwa kamar yadda wani ke kiwon tantabara. Tun 1956 Milton Levine ya fara sayar wa yaran Amurka ɗan akwatin roba da ake hango ramukan tururuwa ta jikinsa. Cikin waɗanda masu kiwo suka fi so akwai tururuwar katako, dangin Camponotus, mai jinsi sama da 1,000.

Wanda ya tsaga ruɓaɓɓen kututture ya ga hanyoyi a ciki yakan ce aikin gara ne. Ba lallai ba. Gara cin itacen take yi. Ita kuwa tururuwar katako sassaƙa kawai take, ta watso garin waje, ta bar hanyoyi sumul kamar kafinta ya goge. A dubi jikinta: ƙugu siriri mai ƙulli ɗaya tak, ƙahonni masu gwiwa, doron baya mai lanƙwasa ɗaya. Ba ta da ƙari irin na kunama. Cizo take, ta fesa asid a wurin.

Kiwon daga uwa ɗaya, wato sarauniya, yake farawa. Bayan tashin barbara, sarauniya kan sauka ta karya fukafukanta, kuma a nan ake tsintar ta. Sai a zuba ruwa a siririyar kwalbar gwaji, a danne shi da auduga, a saka sarauniyar, a toshe baki da wata audugar, a ajiye cikin duhu.

Abin da ya fi burge ni shi ne makonnin da ke biyo baya. Sarauniyar ba ta fita neman abinci. Naman da ke motsa fukafukan nan da ta yar shi ne ke narkewa a jikinta, da shi take ciyar da tsutsotsinta har ma'aikatan farko su fito, 'yan mitsi-mitsi. A nan masu gaggawa ke yin ɓarna: yawan leƙe da girgiza kwalba kan sa uwa ta cinye ƙwayayenta. Shekara kan ƙare gidan bai wuce 'yan tsirarun ma'aikata ba.

Idan sun fito, sai ruwan zuma ko na sukari, da ƙwari irin su gyare domin tsutsotsi. Jinsunan ƙasashen sanyi, kamar baƙar Camponotus pennsylvanicus ta Amurka, sai sun yi watanni na hutun hunturu a wuri mai sanyi.

Sha'awar ta riga ta haifi fasa-ƙwauri. A 2025 wata kotu a Kenya ta ci tarar wasu matasan Beljiyam biyu da aka kama da sarauniyoyin tururuwa kusan 5,000, na jinsin da ke tara iri, za su fitar da su waje. Kowace sarauniya gida guda ce da aka hana kafuwa.

Mai son wannan kiwo ya nemi uwa a yankinsa, kada ya sayi ta wata ƙasa, kada kuma ya saki baƙuwa a daji.