Imparfait: lokacin Faransancin da Bahaushe ya riga ya sani a bakinsa

A ce babur ya buge wani mutum a bakin babbar kasuwar Maraɗi, aka tafi kwamisariya don a ɗauki bayaninsa. Da Hausa ya ce: "Ina ƙetare hanya sai babur ɗin ya buge ni." Abin da ya kamata ya hau takarda shi ne « Je traversais la route quand la moto m'a heurté ». In mai rubutu ya sa « j'ai traversé la route », magana ta sake: mutumin ya riga ya gama ƙetarewa ke nan, ba a tsakiyar hanya aka same shi ba. Kuma wannan takardar ce za a miƙo masa ya sa hannu.

Siffar nan ta traversais ita ake kira imparfait. Ƴan makaranta suna haɗuwa da ita tun a firamare, suna rera ta kamar karatun allo, da yawa kuma su fita makaranta ba su gane amfaninta ba. Gaskiya ne tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Amma takardar ofis, da wasiƙar neman aiki, da jarrabawar BEPC da ta bak, har yanzu Faransanci suke nema.

Sunan ya fito ne daga Latin, ma'anarsa "abin da bai kammala ba". Aiki ne da ya faru a baya, amma mai magana bai nuna farkonsa ko ƙarshensa ba, ya tsaya a tsakiyarsa ne yana kallo. Hausa tana da wannan tun fil azal. Kowane yaro ya san "ya ci tuwo" daban, "yana cin tuwo" daban, "yakan ci tuwo" daban. Na farko shi ne passé composé, il a mangé. Sauran biyun, in ana maganar da, imparfait ne ya haɗa su a siffa guda, il mangeait. Abin da ya raba harsunan biyu kawai shi ne Hausa ba ta canza siffar don nuna da ko yanzu. "Yana barci" zai iya zama yanzu, zai iya zama jiya da aka je gidansa, sauran zancen ne ke fayyacewa. Faransanci kuwa dole sai ya zaɓa: il dort na yanzu, il dormait na jiya.

Ginin kansa ya fi na kusan duk sauran lokutan sauƙi. A ɗauki aikatau a présent tare da nous, a cire -ons na ƙarshe, abin da ya rage shi ne tushe. Sai a liƙa masa wutsiyoyi shida, waɗanda ba sa canzawa ko wane aikatau ne: -ais ga je, -ais ga tu, -ait ga il da elle, -ions ga nous, -iez ga vous, -aient ga ils da elles. Parler ya ba da nous parlons, tushe parl-, sai je parlais, tu parlais, il parlait, nous parlions, vous parliez, ils parlaient.

Dalilin bi ta nous shi ne aikatau masu taurin kai a nan suke fito da ainihin tushensu. Wanda ya fara daga finir kai tsaye zai tsallake ss ɗin, amma nous finissons ya nuna masa je finissais. Haka nous buvons ya ba da je buvais, nous prenons ya ba da je prenais, nous allons je allais wanda ake haɗewa j'allais, nous avons j'avais. Nous faisons ya ba da je faisais, sai dai a kula, ai na farkon ba a furta shi kamar na biyun, gajeren sauti ne irin na le. Aikatau ɗaya tak ya karya dokar, être, domin nous sommes ba shi da -ons ɗin da za a cire. Tushensa ét- ne: j'étais, nous étions, ils étaient. Akwai kuma falloir da pleuvoir da ba su da nous sam, sai a riƙe su haka nan: il fallait, il pleuvait.

Inda maki ke zubewa shi ne rubutu. Huɗu daga cikin wutsiyoyin shida sautinsu ɗaya ne a kunne: parlais na je, parlais na tu, parlait, parlaient. Kunne ba zai taimaki mai dikte ba, sai ya waiwaya ya nemi wanda ya yi aikin. « Les vaches de mon père buvaient au puits »: shanun ne ke shan ruwa, ba baban ba, don haka -aient ne, ko da père ne ya fi kusa da aikatau ɗin. Tarkon da malamai suka fi so ke nan, kuma yana kama yara duk shekara.

Sai rikicin -ait da -é da -er, waɗanda a bakin mutane da yawa ba a jin bambancinsu. Akwai tsohuwar dabara da ta fi haddar doka amfani: a cire aikatau ɗin a sa vendre a wurinsa. In vendait ya zauna daidai, a rubuta -ait. In vendu ne ya zauna, -é. In vendre ne, -er. « Il travaillait au marché » ya karɓi il vendait, ba ya karɓar il vendu, shi ke nan an huta.

Sauran ƙananan abubuwa ne na sauti. Aikatau masu ƙarewa da -ger suna riƙe e kafin a don g ya ci gaba da laushi: je mangeais, amma nous mangions. Masu -cer suna sa wa c ƴar wutsiya a ƙasa: je commençais, amma nous commencions. Wanda tushensa ya ƙare da i kuwa sai ya samu i biyu a jere, nous étudiions, vous étudiiez, kuma ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Haka nous voyions da nous travaillions, inda i ɗin nan kaɗai ya raba su da présent. Yaron da duk wannan ya gundure shi zai iya rage takaici da sanin cewa Faransawan kansu sun daɗe suna gardama a kai. A da -ois ake rubutawa, Voltaire ya yi ta fafutukar a koma -ais, amma sai a ƙamusinta na 1835 majalisar harshen Faransa ta amince.

A wajen ba da labari, imparfait ne ke shimfiɗa tabarma, passé composé ko passé simple su zo su zauna a kai. Yanayin gari, shekarun mutum, halin da ake ciki, duk nasa ne: il faisait chaud, j'avais dix ans, le marché était plein. Abin da aka saba yi ma nasa ne: « Chaque jeudi, ma mère allait au marché », duk Alhamis inna takan je kasuwa. Sannan aikin da ake tsakiyar yi wani ya katse shi: « Nous regardions le match quand le courant est parti », muna kallon wasa sai wuta ta ɗauke. Inda Bahaushe ya sa "sai" ɗin nan na ba-zata, galibi nan imparfait ke sauka. Shi ya sa tatsuniyar Faransanci ke buɗewa da il était une fois, kuma littafin L'Enfant noir na Camara Laye, wanda ya fito a 1953, tun jimlarsa ta farko da imparfait ya shiga tuna yarinta.

Amma gadar nan ta Hausa tana da wurare biyu da take yaudara. Na farko aikatau na sani da fahimta. Bahaushe yana cewa "na sani", "na san shi", da siffar aikin da ya kammala, alhali hali ne mai ɗorewa. Wanda ya bi siffar Hausa zai ce j'ai su, wanda ke nufin "na samu labari". In ana nufin tun can an sani, je savais ne, je le connaissais ne. A gaban alƙali tazara ce babba tsakanin « je savais que la moto était volée » da « j'ai su que la moto était volée »: na farko ya saya da saninsa, na biyu daga baya labari ya iske shi.

Na biyu tsawon lokaci. Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da ya daɗe imparfait ne. Ba daɗewa ake dubawa ba, iyaka ake dubawa. "Na yi shekara goma a Damagaram" abu ne mai farko da ƙarshe, don haka « j'ai habité dix ans à Zinder ». Amma "lokacin ina zaune a Damagaram" ba a yanka masa iyaka ba: « à l'époque, j'habitais à Zinder ».

Akwai kuma inda imparfait ba ya maganar da ko kaɗan. Bayan si, yana ɗaukar nauyin "da" ɗin Hausa na buri: "Da ina da kuɗi, da na sayi babur" shi ne « Si j'avais de l'argent, j'achèterais une moto ». Kuskuren si j'aurais ya yaɗu har a Faransa, amma mai gyaran takarda ba ya yafe shi. « Si on allait à Tahoua ? » tayi ne, kamar a ce "ko mu je Tawa?" In ana maimaita maganar wani kuma, présent ɗinsa yakan koma imparfait: wanda ya ce « je suis malade », gobe za a ce « il a dit qu'il était malade ».

A ofis ma yana da rana. Wanda ya shiga ya ce wa sakatare « je veux voir le directeur » ya yi magana tsaye ƙiƙam. Wanda ya ce « je voulais voir le directeur » ya ja buƙatarsa baya kaɗan, kamar yadda Bahaushe ke farawa da "dama ina so ne in ga mai gida". Har "dama" ɗin ma aikinsu ɗaya.