Maƙoƙo da ɓerayen bincike

A gaban wuyan mutum akwai wata ƴar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Sunanta tiroyid. Abincinta iyod ne. In ba ta samu iyod ba, sai ta kumbura, aikinta ya ragu. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Mutum ya yi ta jin sanyi da gajiya. Yaro kuma ba ya girma sosai, karatu ya yi masa wuya.

A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a ƙasar Gana, akwai masu tallan maganin gargajiya. Yaya za a san mai amfani?

Masana suna gwaji da ɓeraye. Suna ba su maganin da ke rage aikin tiroyid, su raba su kashi biyu. Kashi ɗaya kaɗai ke shan ruwan ganye. Bayan makonni, sai a auna jininsu a kwatanta.

Amma ɓera ba mutum ba ne. Rigakafin da aka tabbatar shi ne gishiri mai iyod. Gana ta wajabta shi tun 1996. Mai maƙoƙo kuwa, likita zai gani.