Martanin Garkuwar Jiki Bayan Ƙarin Jini

Bahaushe kan ce jinin wane da wane bai haɗu ba, yana nufin rashin jituwa. A fagen likitanci maganar tana da ma'ana ta zahiri. A bayan kowace jar ƙwayar jini akwai wasu alamomi da mutum ke gada daga iyayensa, kuma garkuwar jiki takan ɗauki duk alamar da ba ta sani ba a matsayin abokiyar gaba. Karl Landsteiner ne ya gano haka a birnin Biyana a 1901, inda ya bambance rukunan da ake kira A da B da O a yau. An gano rukunin AB a 1902, sannan alamar Rh a 1940.

Idan aka ƙara wa mai rukunin O jinin rukunin A, garkuwarsa takan farfasa baƙin ƙwayoyin cikin mintuna. Sai zazzaɓi da makyarkyata da ciwon baya su taso, fitsari ya yi duhu, ƙoda ma tana iya tsayawa. Matakin farko shi ne dakatar da ƙarin nan take. Abin takaici, yawancin irin wannan haɗari daga kuskuren ma'aikata yake tasowa, kamar musanya suna ko jakar jini.

Martanin da ya fi wuyar ganewa shi ne mai zuwa a makare, bayan kwanaki ko makonni. Ban da ABO da Rh, akwai wasu alamomin kamar Kell da Kidd da Duffy, waɗanda ba kasafai ake auna su ba. Mai ciwon sikila, wanda ake yawan ƙara masa jini, garkuwarsa tana iya riƙe wata baƙuwar alama da ta taɓa gamuwa da ita. Ranar da ta sake ganin ta, sai ta far mata. Alamomin kuwa suna kama da tashin sikila da aka saba gani, wato ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini, har likita ya sake ba da umarnin ƙarin jini, lamarin ya ƙara tsananta.

Matsalar ta fi fitowa fili a Ingila da Amurka, inda galibin masu ba da jini Turawa ne, alhali yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyinsu. A Nijeriya mai bayarwa da mai karɓa sun fi kusanci ta fuskar gado, sai dai majiyyacin da ke sauya asibiti ba tare da takardar tarihin ƙarin jininsa ba yana cikin haɗari duk da haka.